Ina zan kai matashi a Kano ban da gidan zu da manyan shaguna?

Tambaya: Ni mutumin Kano ne, amma aiki ya zaunar da ni a Legas shekaru masu yawa. Zan zo hutu tare da yaron wajena mai shekara 15, wanda a can ya tashi, kuma bai san komai a Kano ba sai gidan kakarsa da gidan zu da manyan shagunan zamani. Muna da kamar kwana uku. Waɗanne wurare ne waɗanda ba kowa ke zuwa ba zan kai shi, ba tare da ya gundura ya koma kan wayarsa ba?

Amsa: Malam, na daɗe ina zagayawa da ɗaliban sakandare cikin birnin Kano, kuma abin da na lura da shi shi ne, yaro mai waɗannan shekaru ba ya jure a tsayar da shi gaban gilashi ana jero masa sunayen sarakuna da shekarun da suka yi mulki. Abin da ke kama hankalinsa shi ne ya ga mutum yana aiki da hannunsa, ya tambaye shi, in da hali ma a miƙa masa kayan aikin ya gwada. A wannan fanni kuwa Kano ta yi sa'a, domin har yanzu akwai sana'o'in da ake yi a lungunanta kusan yadda ake yin su shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kuma kowace sana'a tana cin moriyar 'yar'uwarta. Saboda haka shawarata ita ce ka tsara zagayenku bisa sana'o'i, ka bar tarihi ya riƙa shigowa da kansa duk inda yaron ya yi tambaya.

Ku fara da dutsen Dala da sassafe, ba don baƙon wuri ba ne, sai don daga samansa ne yaron zai ga shimfiɗar garin kafin ku shiga cikinsa. Da yawa daga cikin mutanen Kano sun tsufa suna ganin Dala daga nesa ba su taɓa hawa ba. An yi matakala, hawan kuma ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. Daga sama za ku hangi Goron Dutse, da koren tulluwar babban masallacin Juma'a, da cinkoson gidajen cikin birni waɗanda lungunansu ba sa bin layi. Ka gaya masa a taƙaice cewa masu binciken kufai sun sami alamar an narka tama a gindin wannan dutse tun wajen ƙarni na 7, kuma tsohon Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya ce a nan Barbushe yake zaune yana kula da Tsumburbura, abin bautar mutanen wancan zamani, kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. Wannan ya isa. Idan lokacin hunturu ne hazo zai rage muku hange, idan kuma bazara ce kada ku bari ƙarfe tara ta same ku a sama. Ku nemi ɗan unguwa ya raka ku, kuma kada ku je da almuru.

Daga nan sai marinar Ƙofar Mata, wadda take daf da asibitin Murtala, kuma a nan nake so ku daɗe. Marinan wurin suna cewa an kafa ta a 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Yawancin masu zuwa sukan tsaya a bakin rami su ɗauki hoto su wuce cikin minti goma, sai su tafi ba su ga komai ba. Ku kuwa ku yi sallama, ku gaisa da dattawan wurin, ka gabatar da yaron a matsayin ɗan Kano da ya tashi a kudu yana son ya ga sana'ar iyaye, sannan ku sayi farin ƙyalle ko ku zo da farar riga ta auduga daga gida, ka roƙi a bar shi ya tsoma da kansa.

Abin da zai gani yana da ban mamaki ga wanda bai taɓa gani ba. Ruwan da ke cikin ramin an haɗa shi ne da ganyen baba da toka da katsi, wato lakar da ke kwanciya a gindin ramin rini, aka bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsa shi da doguwar sanda har ya yi kumfa ya nuna. Idan aka tsoma ƙyalle aka ɗago shi, ba shuɗi yake fitowa ba, wani kore-kore yake fitowa mai ɗan rawaya, sai a shanya shi a hannu iska ta buge shi, kana kallo yana rikiɗewa zuwa shuɗi. A sake tsomawa a sake ɗagowa, kowane tsomi yana ƙara masa duhu, shi ya sa mai son baƙin shuɗi sosai sai ya yi haƙurin sa'o'i. Dalilin wannan rikiɗa shi ne, launin baba ba ya narkewa a ruwa haka kawai, sai ruɓar nan da kaifin ruwan toka sun sauya shi ya narke ya shiga cikin zare, idan kuma iska ta taɓa shi sai ya koma yadda yake tun farko ya maƙale a ciki. Yaron da yake karatun kimiyya a makaranta zai gane cewa abin da malaminsa ke zana masa a allo ne yake faruwa a tafin hannunsa. Ka bar shi ya tambayi marinin yadda yake sanin ruwa ya nuna ko ya mutu, domin amsar tana cikin wari da kalar kumfa, abin da ba a rubuta a ko'ina ba.

Zai kuma lura da cewa ramukan da suka mutu, waɗanda ƙasa da shara suka cike, sun fi masu rai yawa. Idan ya tambayi dalili ka gaya masa gaskiya: yadin da ake shigowa da shi daga waje ya fi arha, rinin sinadari ya fi sauri, 'ya'yan marina da yawa kuma sun kama wasu sana'o'in. A 1851, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zauna a Kano, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano a fitar da su suna kai darajar kuɗin wuri miliyan 300 a shekara, kuma ana kai su har Tambutu da Gat da Tarabulus. Kwatanta wancan da abin da yake gani a gabansa ya fi kowace lacca a kan tattalin arziki.

Kada ku fita sai kun bi sautin bugu kun shiga wurin mabuga. A wani ɗaki mai ɗan duhu za ku tarar da mutane zaune gaban gungumen itace, an ninke tufa a kai, suna dukanta da manyan guduma na itace bi da bi, sautin yana tafiya kamar kiɗa. Wannan ita ce gugar da aka sani kafin zuwan dutsen guga, kuma har gobe masu manyan riguna da shadda suna kai musu aiki saboda ƙyallin da bugu ke bayarwa. Idan aka barbaɗa garin shuni aka buga, tufa takan ɗauki wani sheƙi mai duhu, irin wanda ake gani a rawanin Buzaye. Garin Kura, da ke kudu da Kano a kan hanyar Zariya, shi ya yi suna wajen wannan turkuɗi, kuma daga can ake kai shi har Agadas. Ka sa yaron ya ɗaga gudumar ya yi bugu biyar, zai san cewa masu wannan aiki ba ragwaye ba ne.

Wuri na gaba shi ne majema da ke wajejen Ƙofar Wambai, kuma a nan sai na yi maka gargaɗi tun da wuri: akwai wari mai ƙarfi, ƙasa kuma a jiƙe take, don haka ya sa takalmin da ba a jin tausayinsa. Wasu yaran sukan toshe hanci su nemi fita, amma na lura cewa daga baya labarin majema suka fi bayarwa. Zai ga yadda ake jiƙa fata, a kankare gashinta, a tsoma ta cikin ruwan bagaruwa har ta jemu ta daina ruɓa, a shafe ta da mai, sannan a rina ta, ja da karan dafi a yadda aka gada. Fatar jar akuya ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi ita ce wadda fatake suka riƙa ketare Sahara da ita, Turawa suna saye a tasoshin Arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko, suna yi wa littattafansu masu tsada bango da ita, alhali a irin waɗannan ramuka aka jeme ta. Daga majema fata take zuwa hannun dukawa, waɗanda ke ɗinka takalma da jaka da kube da gafaka da tumtum, kuma akwai unguwa guda mai suna Dukawa a cikin birni.

Akwai wani abu da nake so ka nuna masa wanda ya haɗa marina da majema, domin shi ne yake sa yaro ya fara kallon birnin a matsayin abu guda mai rai. Katsin da ke taruwa a gindin ramin rini ba a zubar da shi: akan kwashe shi a busar a ƙona. Gashin da aka kankare a majema shi ma ba a zubarwa. Magina sukan haɗa su biyun da ruwan dafara su sami laso, wanda shi ne simintin da kakanninmu suke shafe soraye da shi don kada ruwan sama ya ci su, kuma da shi ake shafe cikin ramin rinin kansa don kada ya yi yoyo. Abin da marini ya gama da shi magini ne ke jiransa, abin da majemi ya yar kuma yana komawa ya riƙe ramin marini. Yara suna jin ana maganar sake sarrafa shara a makaranta kamar sabon abu ne da aka shigo da shi, to ga shi nan a garin kakanninsa.

Bayan wannan ne Gidan Makama zai yi masa ma'ana, shi ya sa ban sa shi a farko ba. Ginin yana kusa da fadar sarki, ana danganta asalinsa da zamanin Rumfa, ya taɓa zama makaranta a zamanin Turawa, yanzu kuma gidan tarihi ne na gwamnatin tarayya. Kafin ya duƙufa kan kayan da aka jera, ka ce ya ɗaga kai ya kalli rufin. Ya ga yadda aka jera azara, wato tsagin itacen giginya da gara ba ta ci, aka lanƙwasa bakan gizo daga bango zuwa bango har suka haɗu a tsakiya suka ɗauki nauyin ƙasa ba tare da ƙarfe ko siminti ba. Ya taɓa kaurin bangon da aka gina da tubali, ya ji yadda ɗakin yake da sanyi alhali waje rana tana dukan mutane. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, da sulke da lifidi da sauran kayan yaƙi, da hotunan lokacin da sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Sarki Alu ba ya gari a ranar, ya tafi Sakkwato da yawancin mayaƙansa, Sarkin Shanu da aka bar wa tsaron gari kuwa ya tsaya a fada ya yi yaƙi har aka kashe shi. Awa guda ta wadatar a nan, kuma ku karɓi mai zagayawa da baƙi na gidan, ku yi masa alheri idan kun gama.

Kasuwar Kurmi tana buƙatar rabin yini nata na kanta. Ita ma tun zamanin Rumfa take, a bakin Jakara, kuma lungunanta suna da ƙunci har mutum biyu ba sa jerawa a wasu wuraren. Kada ku shiga kuna yawo ba manufa, domin yaro zai gaji cikin minti ashirin. Ka ba shi kuɗi kaɗan a hannunsa tare da aiki: ya samo abu uku da bai san sunansu ba, ya tambayi mai sayarwa sunan kowanne da amfaninsa, ya yi ciniki da kansa da Hausa, kai kuma ka ja baya ka yi shiru ko da ka ga za a ɗan ci ribarsa. Hausarsa ta Legas za ta ba 'yan kasuwa dariya, amma dariya ce ta maraba, kuma sau da yawa takan ƙare da an rage masa kuɗi. Ku bi ta wurin masu kayan doki ya ga sirdi da linzami da likkafa da jalala, ku bi ta wurin masu maganin gargajiya da masu turaren wuta da masu duwatsun ado, ku tsaya wurin masu ɗinkin hula ya ga yawan zaren da ke shiga hula guda.

Inda na fi so ku zauna a Kurmi shi ne wurin masu littattafai. A nan ana sayar da allo da tawada da alƙalamin kara, da ƙananan littattafan waƙoƙi da na addini da aka rubuta da ajami. Ka ciro takardar naira 500 ko 1000 ka nuna masa rubutun da ke jikinta mai kama da Larabci, ka ce ya karanta, tunda na tabbata ya yi Islamiyya ya san baƙaƙe. Zai yi ta lalube har ya gano cewa abin da aka rubuta shi ne «naira ɗari biyar» ko «naira dubu», wato Hausa ce tsantsa. Yawancin yaran da suka tashi da boko ba su san cewa an shafe ɗaruruwan shekaru ana rubuta harshensu kafin zuwan Turawa ba. Ka kuma gaya masa abin da ba a cika faɗa ba, cewa a wannan kasuwa an sayar da bayi har zuwa farkon ƙarni na 20, kuma wani ɓangare na arzikin garin a kan guminsu aka tara shi. Mai shekara 15 ya isa ya ji wannan, kuma ya fi yarda da sauran abin da za ka gaya masa idan ya ga ba ka ɓoye masa marar daɗin ba.

Idan kun fito daga kasuwa ku taka a ƙasa cikin unguwannin da ke kewaye, ka riƙa sa shi yana tambayar sunan kowace unguwa da kuka shiga. Ayagi ta Yarabawa ce tun asali, abin da zai ba yaron Legas mamaki. Tudun Nufawa ta Nufawa ce, Zangon Barebari ta mutanen Barno, Agadasawa ta mutanen Agadas, Dandalin Turawa kuma nan ne Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna suna fatauci. Madabo tana da alaƙa da malaman Wangarawa da suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, Sharifai kuwa da zuriyar Shehu Magili wanda ya zo a zamanin Rumfa ya rubuta masa nasiha kan sha'anin mulki. Jikokin waɗannan baƙi duka yau Kanawa ne da ba ka iya bambanta su da kowa. Ka tambayi kakarsa daga wace unguwa gidanku ya fito, da kuma daga ina kakannin suka zo kafin nan, ku je ku tsaya a ƙofar tsohon gidan ko da ya koma hannun wasu. A wannan tafiya ce za ku ci abinci: gurasa a wajejen Jakara, musamman bandashe da aka jiƙa aka barbaɗa mata ƙuli da yaji da mai, da kilishi a Agadasawa. Tunda cikinsa bai saba ba, ku tsaya kan abin da aka gasa ko aka dafa a gabanku, ruwan sha kuma ku riƙe naku.

A rana ta biyu ko ta uku ku ziyarci wasu gidaje biyu da nake ganin an yi watsi da su fiye da kima. Na farko shi ne Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan ƙasa mai zane a jikin bango, inda Hanns Vischer ya zauna. Mutumin Suwizalan ne da ya shiga aikin gwamnatin Ingila, ya ketare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a nan Nasarawa a 1909, kuma a 1912 ya tsara ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko. Yaron da ya karanta ajami jiya a Kurmi yau zai tsaya a gidan mutumin da ya taimaka wajen ture ajamin gefe, sai ka tambaye shi ko yana ganin riba aka ci ko hasara, ka bar shi ya yi gardama da kai. Yanzu gidan yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano, kuma wurin shiru ne mai inuwa, ya dace da tsakar rana.

Na biyu shi ne gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma a nan kabarinsa yake. Yaron ya sauka a filin jirgin sama mai sunansa, amma da wuya ya san ko wane ne. Ka gaya masa cewa malamin makaranta ne da ya jagoranci jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 don ƙwato wa talakawa haƙƙinsu daga zaluncin 'yan mulkin mallaka da na wasu masu sarauta, cewa magoya bayanta sun sha ɗauri da bulala, cewa ya yi fafutukar ilimin mata da ba su damar jefa ƙuri'a, kuma a 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci kujerar gwamna a Kano da Kaduna. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Sannan ka bar shi ya ga ɗakunan da mutumin ya zauna da 'yan kayan da ya bari. Yaron da ya saba ganin gidajen 'yan siyasar yau zai yi lissafin da kansa. Tunda wurin aiki ne na jami'a, ku je a ranar aiki ku nemi izini a ofis.

Idan yaron mai son injina ne ko kasuwanci, akwai wani zagayen dabam. Layin dogo ya iso Kano a 1911 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za a riƙa lodawa don masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma idan fari ya zo ana iya cinta, sai suka koma mata. Fataken goro da suka riga suka san kan ciniki su suka shiga tsakani suna saye daga ƙauyuka, babbansu kuwa shi ne Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, kakan mahaifiyar Aliko Ɗangote. Buhunan da suka yi wa jirgi yawa su aka riƙa tarawa ana yin dalar gyaɗa. Dalar ta ɓace tun shekarun 1970, sai sunan fili a wajejen Ƙofar Mazugal, amma tsohuwar tashar jirgi tana nan, kuma hotunan dalar suna gidajen tarihin da na ambata. Wanda yake son ya ga irin wannan hada-hada a raye sai ya je kasuwar hatsi ta Dawanau a hanyar Katsina, inda ake loda gero da dawa da wake da riɗi da zoɓo a manyan motoci zuwa kudu da Nijar da wasu ƙasashen. Kasuwar Ƙofar Ruwa kuma ta masu ƙarfe ce da kayan gyaran mota, inda zai ga samari sa'anninsa suna kwance inji suna mayarwa. Ɗaya daga cikin biyun ta isa, domin dukansu akwai rana da ƙura.

Ganuwa ban ba ta rana guda ba saboda abin da ya rage kaɗan ne, gine-gine sun cinye yawancinta, ƙofofi da dama kuma an rushe su an sake gina su da siminti don faɗaɗa titi. Idan kuna wucewa ta titin Jami'ar Bayero tsakanin Ƙofar Na'isa da Kabuga ku tsaya inda kuka ga tudunta, ka gaya masa Sarki Gijimasu ne ya fara ta wajen ƙarni na 12, kuma kududdufan da ke cikin birni ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, waɗanda cike su da ake yi yana cikin dalilan ambaliya da damina. Hawan salla kuwa, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disamba 2024, kada ka yi masa alkawarinsa sai ka tabbatar za a yi, domin a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi.

Game da zirga-zirga, cikin birni ba wurin mota ba ne. Ku ajiye ta a inda ake tsaro ku shiga A Daidaita Sahu, ku yi ciniki kafin ku hau, sauran kuma ku taka. Ku fita da safe ku dawo gida da azahar, in da sauran ƙarfi ku sake fita bayan la'asar, kuma wuri biyu a yini sun isa, na uku gajiya ce kawai. Ranar Juma'a ku kauce wa kewayen babban masallaci da Ƙofar Mata daga hantsi zuwa bayan salla saboda cinkoso. Wayar da kake tsoro kada ka ƙwace ta, ka mai da shi mai ɗaukar hoton tafiyar, amma bisa sharaɗi biyu: ba ya ɗaukar kowa sai ya nemi izini, musamman mata da dattawa, kuma ba ya tafiya da ita a hannu a titi ko a cikin A Daidaita Sahu, domin ƙwacen waya matsala ce da aka sani a Kano, sai an shiga wuri an natsu sannan ya ciro ta. Ya sa tufafin da ba za su sa a riƙa kallonsa ba, ka kuma koya masa tun a gida yadda ake rusunawa a gaida manya, saboda a marina da majema da Kurmi gaisuwa ce ke sa a buɗe masa aiki ya gani. Idan da 'yar'uwarsa za ku zo, duk wuraren nan suna karɓarta, sai dai ka roƙi marinan su haɗa ta da matan da ke ɗaurin zane a cikin gidaje, domin su ne ke ƙulla zanen da ake tsomawa, kuma can ita za ta iya shiga ku ba za ku iya ba. Ka riƙe canji a aljihu don sayen ɗan abin da masu sana'a suka yi, tunda lokacin aikinsu kuka ci, kuma rigar da yaron ya rina a wanke ta ita kaɗai a wankin farko da na biyu, domin baba yana zuba.